Idan Layin Tauraron Soja Ya Cika, Wa Ke Fara Wucewa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina karatun injiniyancin sadarwa, kuma ina yawan jin ana cewa taurarin ɗan adam na soja sun fi na farar hula inganci nesa ba kusa ba. Sauri suka fi, ko mene ne sirrin? Daga wani ɗalibinka.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu. In dai sauri ne, wani lokacin ma su ne a baya. Milstar, tsarin taurarin sadarwa na soja wanda Amurka ta fara harbawa a 1994, layinsa mafi tsaro bai wuce bit 2,400 a daƙiƙa ba. Hoto ɗaya daga wayarka sai ya kwashe awanni bai gama tafiya ba. Amma an ƙera shi ne don saƙo ya isa ko da abokan gaba suna toshe sigina. Magajinsa AEHF, taurari 6 da aka harba daga 2010 zuwa 2020, yana ta sauya mitar rediyon da yake aika saƙo a kai cikin ƙiftawar ido don mai toshewa ya kasa cim masa. Manyan kaya kamar bidiyo kuwa, WGS ake ɗora wa, wani tsarin taurarin sojan Amurka wanda aka fara harbawa a 2007. Hanyarsa tana da faɗi, sai dai ya fi sauƙin toshewa.

Abin da nake so ka riƙe shi ne tsarin fifiko. Sojan Amurka sun kasa kira mataki 5, daga na yau da kullum har zuwa na manyan kwamandoji. Idan layi ya cika, kiran da ke sama yakan yanke na ƙasa nan take, ba sallama. Haka ake yi wa bayanai: kowane ƙunshin bayanai ana sa masa alamar fifiko, murya da umarnin tuƙa jirgi marar matuƙi su wuce gaba, saƙon imel ya jira.

Me ya sa murya ba ta jira? Yawancin taurarin nan suna nisan kilomita 35,786, hawa da saukar sigina kawai na cin kusan rubu'in daƙiƙa. Wannan ba dabarar da ke rage shi. In ka ƙara jinkirin cunkoso a kai, sai masu magana su riƙa taka maganar juna, alhali mai neman ɗauki yana ƙarƙashin ruwan harsashi. Ga kuma ruwan sama, da ke raunana zangon Ka, wato wani sashen mitocin rediyo da ake amfani da shi a sadarwar tauraro, sosai. Na'ura sai ta rage gudu don kada layin ya yanke, hanya ta ƙara tsukewa.

Akwai wata matsala da ni kaina take damuna. Na'urar da ke sirrinta saƙo takan rufe har da alamar fifikon, sai an kwafo ta waje kafin hanya ta gane ta. In kuwa an kwafo, mai leƙen asiri zai iya lura da lokacin da saƙonnin gaggawa suka yi yawa, ko bai karanta ko ɗaya ba.

Kada kuma ka zuba ido sama kaɗai. Ranar 24 ga Fabrairu 2022, ranar da Rasha ta afka wa Yukiren, masu kutse sun kashe dubban modem, wato na'urorin da ke haɗa masu amfani da tauraron, na tsarin KA-SAT na kamfanin Viasat. Tauraron lafiyarsa ƙalau, ta na'urorin gudanarwa na ƙasa suka shiga. In kana neman batun binciken kammala karatu, ni dai can zan tura ka.