Tarar Hukumar Kiyaye Haɗurra: a biya ko a je kotu?

Malam, ka ce jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra sun rubuta maka takardar laifi a hanyar Kubwa da ke Abuja bisa zargin amsa waya kana tuƙi, alhali ba ka aikata ba, kana tambaya ko dole ne ka biya.

Ba dole ba ne. Takardar zargi ce kawai, kuma kana da damar ƙin amincewa da ita, sai a gurfanar da kai gaban majistare, wani lokacin ma a kotun tafi-da-gidanka da ke zama a bakin hanya. A can za a karanta maka tuhumar, idan ka musanta, nauyin kawo hujja yana kan jami'in da ya kama ka. Ka je da takardar da lasisinka da takardun mota, da duk wanda yake cikin motar a lokacin domin ya ba da shaida.

Idan kuwa ka zaɓi biya, ka biya ta Remita, wato tsarin biyan kuɗi ta intanet ko banki, zuwa asusun gwamnati, ka adana rasit. Don Allah kada ka miƙa wa kowa kuɗi a hannu, kuma kada ka jefar da takardar, domin laifin yana nan a rubuce da lambar motarka.