Hukuncin Harbin Yanyawa Da Dare Don Kare Dabbobin Gona

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina aiki a wata gonar kiwon tumaki da kaji a yankin Wales na ƙasar Birtaniya. Duk shekara idan tumaki suka fara haihuwa, wajen watan Maris da Afrilu, sai yanyawa ta addabe mu, ta ɗauke 'yan raguna sabbin haihuwa, ta faɗa wa kaji. Mai gonar kan fita da dare da bindiga da babbar fitila, wani lokaci da na'urar gano ɗumin jiki. Ni nake riƙe masa fitilar, yana kuma ƙara mini kuɗi a kan haka. Ba a cin naman, binnewa ake yi. Wani ɗan'uwa ya ce mini farautar dare haramun ce, kuma kashe abin da ba za a ci ba zalunci ne. Mene ne hukunci? Kuɗin kuma halal ne?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Harbin yanyawar da ke yi muku ɓarna ya halatta, da dare ko da rana, kuɗin da ake ba ka kuma ladan aiki ne halal. Amma halascin yana da sharuɗɗa, kuma a kansu nake so ka tsaya, ɗan'uwa.

Wasu kan yi saurin jefa yanyawa cikin dabbobi biyar da hadisin Nana A'isha (RA), a Bukhari da Muslim, ya ba da izinin kashewa ko a cikin Harami: hankaka, shirwa, kunama, ɓera da kare mai cizo. Imamu Malik bai ga haka ba. A cikin Muwaɗɗa ya ce kare mai cizo ya haɗa da duk abin da ke far wa mutane yana tsorata su, irin zaki da damisa da kerkeci, sannan ya ambaci yanyawa da sunanta cikin waɗanda ba sa far wa mutane, ya ce wanda ya ɗaura haramin Hajji ko Umra ba ya kashe ta. Ke nan ba halittar da ake kashewa da zarar an gan ta ba ce. Abin da ya halatta jininta a gonarku shi ne cutarwar da take yi, domin shari'a ta ba mutum damar kare dukiyarsa, kuma ƙa'ida ce cewa ana gusar da cuta, gwargwadon cutar. Annabi (SAW) ya ba da labarin wani annabi da tururuwa ta cije shi, ya sa aka ƙone gidansu duka, sai Allah ya yi masa wahayi: me ya hana ka tsaya a kan tururuwa ɗaya? Yanyawar da ta saba da garkenku daban, wadda ke can nesa tana cin ɓeraye da zomaye daban.

Wannan ya amsa maganar ɗan'uwanka a kan rashin cin naman. Abin da aka hana shi ne kisa don wasa. Annabi (SAW) ya hana a mai da mai rai abin gwada saiti, kuma Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa farauta don nishaɗi makaruhi ce. Kisan kunama ma ai ba don ci ba ne. Naman nata kuwa, Shafi'i ya halatta, Abu Hanifa ya haramta, a wurin Malikiyya makaruhi ne, don haka binnewar ba laifi. Batun dare kuma, babu ingantaccen nassi da ya haramta. Masu hanawa sun dogara da hadisin da ya ce a bar tsuntsaye a mazauninsu, Imamu Shafi'i kuwa ya fassara shi da hana camfin Larabawan jahiliyya, da suke tayar da tsuntsu su duba inda ya nufa kafin su yi tafiya.

Sharaɗi na farko, a kyautata kisa. Hadisin Shaddad bin Aus a Sahihu Muslim ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan kome, idan za ku yi kisa ku kyautata shi. A nan ina ganin harsashi ɗaya daga hannun gwani ya fi tarko da guba kusa da umarnin hadisin, guba ma dokar ƙasar ta hana. Amma wanda bai iya saiti ba, ko ya harba daga nesan da bindigarsa ba ta kai ba, ya karya mata ƙugu ta ja jiki ta shige duhu, ya ɗauki alhaki. Idan aka ji mata rauni, wajibi ne a bi sawunta a ƙarasa ta a daren.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin. Watannin da tumakinku ke haihuwa su ne watannin da yanyawa ke da jarirai a rami, ana haifarsu ido a rufe, makonni suna kan nono. Shi ya sa ma ɓarnarta ke ƙaruwa a lokacin. Idan aka harbe uwa, 'ya'yan za su yi kwanaki suna mutuwar yunwa a ƙarƙashin ƙasa ba wanda ya gani. Dokar Birtaniya ba ta ware wa yanyawa lokacin hana harbi ba, amma mu muna da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har yunwa ta kashe ta, muna da hadisin Abu Dawud inda Annabi (SAW) ya ga tsuntsuwa tana fuffuka don an ɗauke mata 'ya'ya, ya ce wa ya tayar mata da hankali, a mayar mata da su. Saboda haka ka ba mai gonar shawara ya yi harbinsa a hunturu, kafin haihuwa. Idan larura ta sa aka kashe mai shayarwa, kuma nononta zai nuna, to a nemi ramin, a miƙa 'ya'yan ga masu kula da namun daji, in hakan bai samu ba a kashe su nan take. Barinsu bai halatta ba.

Ku kuma sani cewa bindiga kaɗai ba ta maganin abin, don idan aka kashe yanyawar da ke zaune a yankin wata kan maye gurbinta ba da daɗewa ba. Rufe kaji kafin magariba, shingen lantarki, killace tumaki masu haihuwa, kwashe mushe da mahaifa daga fili, duk suna rage buƙatar kisa. Inda suka wadatar, su ne farko.

Sai ran ɗan Adam, kuma wannan ya shafe ka kai tsaye tunda fitila a hannunka take. Ƙyallin ido cikin duhu ba hujja ba ce. Kare ma idonsa na ƙyalli, tunkiya ma haka. A shekarar 2004 an harbe wani yaro ɗan shekara 13 a yankin Devon na Ingila a irin wannan fita ta dare. Kada ka ce "ga ta nan" sai ka ga jikinta sarai, ka kuma san abin da ke bayanta, ba hanya ba gida. Bindigar ta zama mai lasisin 'yan sanda, filin na mai gonar ne ko da izinin mai shi, kai kuma kada ka taɓa ta sai yadda doka ta yarda, domin ka shiga ƙasar da alkawarin bin dokarta, Musulmi kuwa ba ya saɓa alkawari.

Idan ka lura fitar ta koma shaƙatawa, ana harbin duk abin da ya gifta ana ƙirga wutsiya don alfahari, ka janye hannunka ko da za ka rasa ƙarin kuɗin. Kuma kada daren ya cinye maka sallar Asuba.

Wallahu a'alam.