Ina da ciki, kuma ni nake riƙe yara a ɗakin hoto

Tambaya: Likita, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma yawanci ni ake kira in riƙe yara idan za a yi musu hoton ƙirji. Yanzu cikina wata biyu. Radiyeshan nawa jiki zai sha kafin ya cutar da ni ko abin da ke cikina?

Amsa: Malama, Allah Ya raba lafiya. Kafin komai, ki sanar da shugaban sashenku a rubuce, kada kunya ta sa ki jira sai ciki ya fito. Kariyar da aka tanadar wa ɗan tayi tana farawa ne daga ranar da kika faɗa.

Da milisibat ake auna abin da jiki ya sha. Hukumar ICRP, mai ba duniya shawara kan kariya daga radiyeshan, ta ƙayyade wa ma'aikaci milisibat 100 cikin shekara biyar, wato 20 a shekara, kuma kada shekara guda ta haura 50. Sauran jama'a 1 kacal aka yarda, ban da kimanin 2.4 da kowa ke sha a shekara daga ƙasa, iska, abinci da sararin sama. Ɗan da ke cikinki ba ma'aikaci ba ne, saboda haka a sahun jama'a yake: 1 daga yanzu har haihuwa.

Waɗannan lambobi rufi ne da ba a so a ko kusance shi, ba rabon da aka ba mutum ya cinye ba. Hoton ƙirji ɗaya bai wuce kimanin 0.1 ga majinyaci baligi ba, wanda ke tsaye a gefe kuwa abin da ya tarwatso ne kawai ke samunsa. Don haka ki kwantar da hankalinki kan abin da ya wuce. Maimaici ne abin tsoro, yau da gobe. A ganina ma kuskure ne a mayar da ma'aikaciya ɗaya mai riƙon yara kullum, ko ba ta da ciki. Uban yaro ko wani ɗan'uwa ya sa rigar dalma mai tare radiyeshan ya riƙe shi, ke ki koma bayan shinge.

Idan dole ta sa kika shiga, ki ja baya: ninka tazara yana mayar da radiyeshan kashi ɗaya cikin huɗu. Ki sa rigar dalma, dosimita kuma, wato 'yar na'urar da ke auna radiyeshan da kika sha, a ƙarƙashinta, daidai ƙugu. Na sha ganin dosimita a aljihun farar rigar da aka rataye a ƙusa, mai ita tana can tana aiki. Ki nemi a riƙa karanta naki duk wata, a kuma nuna miki sakamakon da idonki.