Tambaya da Amsa: Tsofaffin Sentin Tagulla na Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum. Wani dillali ya kawo mini senti ɗaya na Amurka na 1943, jajir da shi, ya ce kuɗinsa ya isa sayen gida. Yaya zan gane gaskiyarsa? Daga mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ba da ko sisi sai ka kara masa maganaɗisu. A 1943 Amurka ta keɓe jan ƙarfe don kayan yaƙi, aka buga sentin shekarar da baƙin ƙarfe mai rufin tutiya. Kaɗan ne ƙwarai aka buga bisa kuskure a kan ragowar tagullar 1942, kuma su ne masu tsadar. Idan sentin ya manne wa maganaɗisun, ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe, magana ta ƙare. Idan bai manne ba, ɗora shi a sikelin maƙeran zinare: na tagulla giram 3.11 ne, na ƙarfe 2.7. Sannan ka duba lamba 3 da gilashin ƙara girma, domin masu jabu kan kankare gefen hagu na 8 a sentin 1948 ya koma 3. Ta ainihi wutsiyarta doguwa ce, ta zarce ƙasa. Ko ya tsallake duk wannan, sai da tantancewar PCGS ko NGC, kamfanonin Amurka masu tantance tsabar kuɗi, za a yi ciniki.

Tambaya: Da wanne ya kamata sabon mai tarawa ya fara? Kuma waɗanda nake da su sun yi duhu, in wanke su? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, manyan sentin zallan jan ƙarfe na 1793 zuwa 1857 sun fi ƙarfin aljihun mai farawa, balle na farkon mai hoton sarƙa, wanda aka daina bugawa a 1793 ɗin, bayan mutane sun ce yana tuna bauta. A 1857 aka rage girman senti, aka sa hoton mikiya, aka gauraya nikel kashi 12. Senti mai hoton mace da hular gashin tsuntsu, zanen James Longacre, ya fito a 1859, ya koma tagulla a 1864; na 1877 ne mai wuyar samu. Mu dai shawararmu ki fara da mai hoton Shugaba Lincoln da zangarniyar alkama, 1909 zuwa 1958, don yana da araha. Amma a kula da na 1909 mai S (alamar an buga shi a San Francisco) da VDB (haruffan sunan wanda ya zana shi), wanda 484,000 kacal aka buga: ana yawan liƙa masa S ta ƙarya.

Wanki kuwa, a'a. Toka, lemun tsami da man goge ƙarfe suna cinye fatar tagullar, su bar ta da wani ja mai ƙyalli da dillalai ke ganewa nan take, farashi ya faɗi warwas. Duhun nan na shekaru ba aibi ba ne. Abin tsoro shi ne koren tsatsa, wanda danshi da ledar PVC mai laushi ke jawowa. Ki riƙe kowanne ta gefe, ki ajiye shi a gidansa na roba mai tauri, nesa da raɓar damina.