Na yi azumi da addu'a amma ban ji komai ba, yaya zan san nufin Allah?

Tambaya: Fasto, ni malamin firamare ne, na yi baftisma tun ina saurayi. An ba ni aiki mai albashi mai kyau a Kaduna, amma mahaifiyata ta tsufa, kuma ni kaɗai ne kusa da ita a ƙauye. Na yi azumi da addu'a, ban yi mafarki ba, ban ji murya ba. Wani ya ce in je wurin wani annabi ya duba mini. Kunya nake ji, duk shekarun nan ina bin Ubangiji amma na kasa gane nufinsa.

Amsa: Ɗan'uwa, salama gare ka. Ka fara ajiye kunyar nan. Manzo Bulus ya daɗe yana aikin bishara sa'ad da abin da ke cikin Ayyukan Manzanni 16:6-10 ya same shi. Ya nufi Asiya, Ruhu Mai Tsarki ya hana shi. Ya juya wajen Bitiniya, nan ma aka hana. Sai da ya gangara Taruwasa ya ga wahayin wani mutumin Makidoniya yana roƙonsa ya ƙetare zuwa ƙasarsu ya taimake su. Yana cikin tafiya aka nuna masa hanya, bayan shirinsa ya rushe har sau biyu. Daga baya, yana kurkuku, ya rubuta wa Filibiyawa cewa har yanzu bai zama cikakke ba (3:12). In manzo bai sauke karatu ba, babu mai bin da ya sauke.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, mafi yawan nufin Allah a rubuce yake. A maganarka ma akwai sashen da ba ya bukatar mafarki. Fitowa 20:12 ta umarce ka ka girmama mahaifiyarka. A Markus 7:9-13 Yesu ya tsauta wa masu fakewa da addini suna barin iyayensu. 1 Timoti 5:8 kuwa ta yi magana mai zafi kan wanda ba ya kula da mutanen gidansa, kuma matarka da 'ya'yanka suna cikin gidan nan. Saboda haka kula da Mama ba abin zaɓi ba ne. Abin da ya rage maka shi ne yadda za ka yi. Ka zauna? Ka tafi da ita? Ko ka tafi ka bar ta a hannun da ka amince da shi, albashin ya riƙa sayen magani? Wannan aikin hikima ne, Yaƙub 1:5 kuma ta ce a roƙe ta.

Hikimar nan a hankali take zuwa. Ibraniyawa 5:14 ta ce waɗanda suka manyanta a bangaskiya sun horu ne ta yau da gobe har suka iya rarrabe nagari da mugu. Mai awon hatsi da ya daɗe a kasuwa, da ya cusa hannu cikin buhu ya san ko masarar ta bushe. Shekaru ne suka koya wa hannunsa. Duk lokacin da ka yi biyayya ga abin da ka riga ka sani, ganewarka tana ƙaruwa. Romawa 12:2 ma sabunta hankali ta sa a gaba, sannan gane nufin Allah ya biyo.

Kada kuma ka ɗauka hanya mai sauƙi ita ce ta Allah. A 1893 Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas da nufin kawo bishara ƙasashenmu. Gowans da Kent suka rasu a 1894, Bingham ya koma gida. Ya sake gwadawa a 1900, ciwo ya mai da shi. Sai a 1902 aka kafa tashar mishan a Patigi, cikin jihar Kwara ta yanzu, aikin da ya haifi ikkilisiyar ECWA. Wanda ya auna kiran nan da sakamakon shekarar farko, cewa zai yi kuskure ne.

Batun annabi kuwa, 1 Tasalonikawa 5:20-21 ta hana mu raina annabci, ta kuma ce mu gwada kome. Amma wanda zai karɓi kuɗi ya “duba” maka, Mika 3:11 ta riga ta yi tir da irinsa. Raina yana ɓaci in na ga iyali sun sayar da akuya don su saye amsar da ke cikin Littafi Mai Tsarki a ɗakinsu. Kada ka je.

Ka zauna da matarka ku lissafa kuɗin haya da na makarantar yara a Kaduna, don albashin birni kan ƙare tun wata bai yi nisa ba. Ka tambayi Mama da kanta, tsofaffi da yawa ba sa son rabuwa da ƙauyensu da zumuntar mata da suka saba da ita. Ka kira 'yan'uwanka na nesa su faɗi abin da za su ɗauka. Sannan ka kai maganar gaban fastonka da dattawa biyu da suka san gidanku, ku yi addu'a tare, ka ba masu aikin amsa kafin wa'adinsu ya cika.