Ku Tambaya Mu Amsa: Ɗan Sanda da Karen Gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni kofur ne a rundunar 'yan sanda, ina aiki a cikin garin Katsina. Akan tura mu kai sammaci ko yin bincike a gidajen GRA da Layout, kuma da yawansu suna da manyan karnukan gadi. Wasu abokan aiki na cewa da zarar kare ya taso maka, ka ɗana bindiga kawai. Mene ne daidai?

AMSA: Wa alaikumus salam, Kofur. Rabin aikin a bakin get ake gama shi, tun ba a shiga ba. Ku duba alamu: allon gargaɗi, kwanon abinci, sarƙa a gindin bishiya, kashin kare a ƙasa. Ku buga get da ƙarfi, ku yi sallama, ku dakata. In akwai kare zai bayyana kansa. Sai ku ce wa maigidan ko maigadi ya kulle shi a keji ko a ɗaki, ku kuma ji an rufe ƙofa da kunnenku. Kada ku yarda a ce "ai ba ya cizo". Maigidansa ne karen ba ya cizo. Ku baƙi ne, ga takalmin soja, ga hula, ga rediyon oba-oba tana ƙara. Riƙe shi da igiya a hannu ma bai wadatar ba, domin da zarar murya ta ɗaga ko aka kama hannun maigidan za a sa masa ankwa, kare zai fizge.

In kuwa kun yi kiciɓis da shi a tsakar gida, ka tsaya cak. Gudu shi ke tayar masa da farauta, kuma ba za ka tsere masa ba. Ka juya masa gefe maimakon ƙirji, hannuwa a ƙasa, kada ka zuba masa ido, domin a wurinsa wannan neman faɗa ne. Ka yi magana da murya ƙasa-ƙasa, ka ja da baya a hankali ba tare da ka ba shi ƙeya ba.

Ka karanci jikinsa. Mai yawan haushi yana ci gaba yana ja baya, galibi kora yake yi. Wanda ya fi hatsari shi ne wanda ya yi shiru ya sandare, gashin bayansa a tsaye, kunnuwa gaba, yana gurnani. Kaɗa jela ba kullum ke nufin maraba ba. Jela a sama, a ƙage, tana rawa da sauri, gargaɗi ce. Wanda ya cusa jela tsakanin ƙafafu tsoro yake ji, kuma matsoracin kare yana cizo in aka tsare masa hanya, don haka a bar masa mafita. Karya mai jego kuwa, a nisanci inda 'ya'yanta suke.

In ya kawo hari, ka ba shi wani abu ya ciza: kulki a gicciye, garkuwa, jaka, kujerar roba, ko rigar sanyi a naɗe a hannu. Feshin barkono yana aiki a kan kare, amma a lura da inda iska ke kaɗawa. Barkonon tsohuwa bai cika damun kare ba, sai dai ya galabaita mata da yaran gidan. In ya ka da kai, ka dunƙule, ka rufe wuya da kunnuwa da hannuwanka. In ya kama ka, kada ka fizge, fizgar ita ke yage nama.

Bindiga ita ce mafi munin makami a wannan hali. Kare ƙaramin abin hari ne, yana da sauri, kuskure ya fi samu yawa. Harsashin AK-47 yana ratsa kare ya wuce, ya huda ƙyauren kwano, ko ya daki siminti ya karkace, alhali a gidajenmu bayan kowane bango akwai mutum. Ƙa'idar rundunar kan amfani da ƙarfi, Force Order 237, ta ajiye harbi a matsayin matakin ƙarshe, inda rai ke cikin hatsari. Ban da haka, kare dukiyar mai shi ce, kuma kashe shi babu dalili na iya jawo ƙara.

TAMBAYA: Kare ya yagi wani abokin aikinmu a ƙauri lokacin sintiri a wata ruga kusa da Daura. Ciwon bai yi zurfi ba. Sai an je asibiti?

AMSA: Lallai sai an je, kuma a ranar. Kafin nan a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a shafa aidin ko sifirit. Kada a ɗaure shi tamau, kada a zuba gishiri ko toka ko gashin karen. A asibiti za a yi allurar haukan kare, wadda a tsarin da aka fi sani ake yi ranar farko, sai rana ta 3, ta 7, ta 14 da ta 28, tare da ta tetanus. In cizon ya yi zurfi ko yana kusa da kai, akwai wata allurar da ake yi a cikin wurin cizon. Cutar kan ɓoye wata 2 zuwa 3 kafin ta bayyana, shi ya sa mutane ke sakin jiki su bar allura a tsakiya, kuma da zarar alamunta sun fito kusan babu mai tashi.

A nemi mai karen ya nuna katin riga-kafi, a tsare karen kwana 10 ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, amma kada a jira kwanakin su cika kafin a fara allura. In dole ta sa aka kashe shi saboda yana dalalar miyau yana cizon duk abin da ya gani, kada a harbe shi a ka. Ƙwaƙwalwar ake gwadawa, kuma likitan dabbobi ne zai cire kan ya aika ɗakin gwaji irin na Vom a Jihar Filato, cikin ƙanƙara.