Hukuncin Sayen Kayan Alatu da Bashi Don Gudun Raini

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ma'aikaci ne, albashina halal ne, kuma yana isarmu idan na bi a hankali. Matsalata ita ce ba na iya ganin sabuwar waya ko sutura a wajen abokan aikina in kau da kai. Wayata lafiyarta ƙalau, amma na karɓi wata a kan biya kaɗan-kaɗan, kuɗin farko kuma na ranto su a wata manhaja mai ɗora ruwa. Yanzu wata ba ya rabawa sai aljihu ya bushe, har kuɗin makarantar yara na jinkirta. Maiɗakina ta ce almubazzaranci nake yi, ni kuwa ina ganin Allah yana son ya ga alamar ni'imarsa ga bawansa. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, hadisin da ka kafa hujja da shi Tirmizi ya ruwaito shi, kuma Musulunci bai hana jin daɗi ba. Allah yana cewa a Suratul A'araf, aya ta 32: wane ne ya haramta adon Allah da ya fitar wa bayinsa, da daɗaɗan abubuwa na arziki? A hadisin Ibnu Mas'ud da Muslim ya kawo, wani ya ce mutum yana son tufarsa da takalminsa su yi kyau, sai Annabi (SAW) ya ce Allah mai kyau ne, yana son kyau. Sai dai hadisin naka yana magana ne a kan ni'imar da aka riga aka ba ka. Abin da ka ranto ba naka ba ne, haƙƙin wani ne a wuyanka.

Shari'a ba ta yanke wani farashi da za a ce wanda ya haura shi ya yi ɓarna ba. Hafiz Ibnu Hajar, da yake sharhin hadisin Mugira bin Shu'uba da ya hana tozarta dukiya, ya ce kashe kuɗi a cikin halal idan ya dace da halin mutum da ƙarfin dukiyarsa ba israfi ba ne. Idan ya wuce halinsa, kuma ba wata cuta yake tunkuɗewa da shi ba, to a wajen mafi yawan malamai israfi ne. Saboda haka waya ɗaya tana iya halatta ga abokin aikinka, kai kuma ta zame maka laifi. Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 7, ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi.

A bisa abin da ka bayyana, maiɗakinka ta faɗi gaskiya. Mafi nauyi a ciki shi ne rancen nan mai ruwa: riba ce, haramun ce, kuma Jabir ya ruwaito a Sahihu Muslim cewa Annabi (SAW) ya la'anci mai cinta, da mai bayar da ita, da mai rubutawa, da shaidunta biyu. Babu wata lalura a sauya wayar da take aiki. Shi kansa saye a kan biya kaɗan-kaɗan ya halatta, ko da kuɗin ya ɗara na hannu da hannu, matuƙar an tsayar da farashi tun wajen ƙulla ciniki kuma ba za a ƙara komai ba idan aka makara. Haka Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zartar a zamanta na Jidda a 1990. Amma halaccin cinikin bai wanke ka ba tunda ya ci haƙƙin iyali. Abu Dawud ya ruwaito cewa ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda ciyar da shi yake kansa. Ka tuna yaron da zai tsaya gaban malaminsa ana tambayarsa kuɗin makaranta, alhali mahaifinsa yana ɓare ledar sabuwar waya.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne cewa ba ka iya kau da kai. Nan ciwon yake. Su masu ƙera kayan nan kusan kowace shekara sai sun fito da sabo, tallarsu kuma tana bin ka har kan shimfiɗarka, don ka ji abin hannunka ya tsufa tun bai tsufa ba. Wanda ya shiga wannan tsere ba ya kai ƙarshensa, domin duk abin da ya saya akwai wanda ya fi shi a hannun wani. Maganin da Annabi (SAW) ya bayar a hadisin Abu Huraira shi ne mutum ya dubi wanda yake ƙasa da shi, kada ya dubi na sama da shi, don kada ya raina ni'imar Allah a kansa. Kuma idan niyyar sayen ita ce a gan ka, ko a daina raina ka, to ka ji tsoron abin da ya zo a kan tufar neman suna, cewa Allah zai tufatar da mai ita tufar ƙasƙanci ranar alƙiyama.

Abin da ya wajaba a kanka yanzu shi ne tuba, da gaggauta fita daga rancen ruwan kafin ya hayayyafa. Idan ba ka da hanya, ka sayar da ɗaya daga cikin wayoyin ka biya, sannan ka goge manhajar. Kuɗin makaranta da ciyar da gida su zama farkon abin da zai fita ranar albashi. Abin da ya saura bayan haƙƙoƙi naka ne, ka yi ado da shi daidai ƙarfinka babu laifi. Ka kuma lazimci neman tsari daga bashi a cikin sallarka, kamar yadda Nana A'isha (RA) ta ruwaito Annabi (SAW) yana yawan yi. Allah ya yaye maka, ya sanya albarka a samunka.

Wallahu a'alam.